Jiniya ta yi shiru amma gari bai daina cika ba: Bompai, Sharaɗa da Challawa a tarihin yawan mutanen Kano

In ka taɓa bin titin Panshekara da sassafe, ko ka ratsa Sharaɗa wajen ƙarfe bakwai da rabi, ka san yadda hanya take cika da 'yan makaranta. Ayari-ayari suke tafiya, wasu a ƙafa, wasu an cusa su a adaidaita sahu har da na zama a cinya. A gefensu dogayen katangun kamfanoni ne, wasu na aiki, da yawa kuma ƙofofinsu sun yi tsatsa, ciyawa ta rufe bakin shiga. Tambayi duk wanda ya haura shekara hamsin a unguwar, zai gaya maka cewa a da ma'aikata ne ke cika titin nan a irin wannan lokaci, kowa a kan kekensa, yana sauri kada jiniya ta riga shi.

An saba cewa masana'antu ne suka cika Kano da mutane. Ni ma da wannan fahimtar na tashi. To amma in haka ne, ai da suka fara mutuwa ya kamata cikar ta lafa. Alƙaluman ƙidaya kuwa sun nuna cewa jihar ta fi saurin ƙaruwa a daidai shekarun da ake kulle ƙofofin nan. Bari mu bi tarihin a hankali mu ga abin da kamfanonin suka yi wa yawan jama'a, da abin da ake jingina musu alhali ba su ne suka yi ba.

Kano kafin kamfani

Baturen Ingila Hugh Clapperton ya shigo Kano a 1824, ya ƙiyasta mutanen birnin tsakanin dubu 30 da dubu 40. Bajamushe Heinrich Barth ya zo a 1851, ya ce dubu 30 ne mazauna, amma da rani in fatake sun sauka sukan kai dubu 60. Duka biyun da ido suka auna, babu wanda ya bi gida-gida. Duk da haka ka lura da abu ɗaya: shekara 27 tsakaninsu, kuma birnin da ya fi kowane ciniki a wannan yanki bai wani motsa ba. A cikin badala ma akwai gonaki da fili fetal.

Ba ƙarancin haihuwa ne ya jawo haka ba. Mata suna haihuwa sosai, mutuwa ce take kwashewa kusan daidai da yadda ake haifa. Agana, ƙyanda, sanƙarau, zazzaɓi da gudawa ba sa barin yara da yawa su kai shekara biyar, sannan duk bayan wasu shekaru yunwa ta zo ta ɗebi nata. Ko bayan da Turawa suka ci Kano a 1903 abin bai canza nan take ba. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta kashe dubban mutane a lardin, annobar mura ta 1918 ta biyo baya.

Wani abin da ake yawan mantawa shi ne, tun asali yawan mutanen Kano a karkara yake. Kewayen birnin na daga cikin wuraren da manoma suka fi cunkushewa a duk Afirka ta Yamma. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya yi shekaru yana koyarwa a Zariya da Kano, ya yi nazarin wannan yanki a shekarun 1960. Ya nuna yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, saboda jakuna na shigar da itace birni su fito da taki. Bayansa Polly Hill ta zauna a Ɗorayi a farkon shekarun 1970, lokacin tana ƙauye a gundumar Kumbotso, ta tarar da manyan gidaje da wasunsu ke ɗauke da mutum sama da ɗari, gonaki kuma sai ƙara tsukewa suke yi saboda rabon gado. Riƙe sunan Ɗorayi, za mu komo kanta. Abin lura a nan shi ne, tun kafin a aza tubalin kamfani ko ɗaya a Sharaɗa, ga mutane nan jingim a bayan katanga, gonarsu ta yi musu kaɗan.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya ɓarke a shekarar da ta biyo, aka kafa Sabon Gari wajen 1913 domin baƙi 'yan Kudu da ke aikin jirgi da kantunan Turawa. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ta gina gidan ruwa da na lantarki a bakin kogin Challawa. Ruwan famfo kuwa yana cikin abubuwan da ke rage mutuwar yara ba tare da kowa ya lura ba. Ƙidayar 1952 ta ba birnin Kano kusan mutum 130,000. Ta 1963 ta ba shi kusan 295,000.

Bompai, sannan Sharaɗa da Challawa

Bompai ce babbar yaya. Tun ƙarshen mulkin mallaka aka keɓe ta a gabashin gari, kusa da layin dogo, kuma masana'antun farko sun dogara ne kan abin da ƙasar ke samarwa: matse man gyaɗa da jimar fata. Daga baya aka samu na sabulu, turare, alewa, kwanukan sha, takalma da saƙa, har da kamfanin Raleigh mai haɗa kekuna. Kwarori da Turawa ne suka fi yawa a masu su da farko, attajiran Kano suka riƙa shigowa sannu a hankali. Ma'aikatan ba a cikin birni suke kwana ba. Tudun Wada, Gwagwarwa, Gama, Dakata da Kawaji su ne suka cika da ɗakunan haya, domin mutum ya iya takawa zuwa aiki.

Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun sa 'yan ƙabilar Ibo da dama barin Kano, bayan an kashe wasunsu masu yawa, kuma guraben da suka bari a kamfanoni 'yan Arewa ne suka cike. Paul Lubeck, Ba'amurke da ya yi bincike a cikin waɗannan ma'aikata a farkon shekarun 1970, ya gano cewa da yawansu 'yan karkara ne, kuma kaso mai tsoka sun fara shigowa Kano ne ta hanyar almajiranci. Wato gardi ya zo ci-rani tare da malaminsa, ya ga ana ɗaukar lebura a Bompai, ya zauna. Su ne suka yi yajin aikin 1971 kan ƙarin albashin Adebo da wasu kamfanoni suka ƙi biya. A ganina wannan shi ne abu mafi muhimmanci da masana'antu suka yi wa tarihin ƙaura a Kano: sun mai da ɗan ci-rani mazauni. A da mutum kan zo bayan kaka ya koma da faɗuwar ruwa. Albashin wata-wata ne ya sa ya kama ɗaki, ya je ya ɗauko matarsa.

An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, Audu Bako ya zama gwamnanta na farko. Kafin nan an riga an zana wa birnin tsarin shekara ashirin, 1963 zuwa 1983, wanda ake kira da sunan mai zanen, Trevallion. Sai kuɗin man fetur suka shigo, dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka ba attajiran gida dama, Bompai ta cika. A shekarun 1970 ɗin ne aka buɗe Sharaɗa a kudu maso yammacin birni, sannan Challawa can gaba wajen Panshekara. An zaɓi wuraren ne domin suna bayan gari, cikin gonaki, inda hayaƙi da warin jima ba za su dami kowa ba.

A daidai lokacin karkara na korar mutanenta. Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi da amfanin gona daga Arewacin Najeriya har Nijar, lokacin ne Buzaye suka yawaita a ƙofofin gidaje da kamfanoni suna gadi. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta gama da abin da fari ya bari, dalar gyaɗa ta zama labari. Ga gona ta ƙi, ga kamfani na kira. Zuwa farkon shekarun 1980 Kano na da ɗaruruwan masana'antu, Legas ce kaɗai ke gabanta a ƙasar.

Abin da ƙidaya ta ce

Kafin in kawo maka lambobi, sai na gargaɗe ka game da su. Ƙidaya a Najeriya ba ta taɓa rabuwa da siyasa ba, domin da ita ake raba kujeru da kuɗi. A zamanin Turawa mutane ɓuya suke yi saboda an haɗa ƙirga da haraji. Bayan 'yancin kai sai abin ya juye, kowa na son nasa su yi yawa. An soke ta 1962. Ta 1963 ta ce ƙasar na da miliyan 55.7, alhali shekara goma kafin nan an samu miliyan 30 da ɗoriya, ƙaruwar da ta wuce kashi 5 cikin ɗari a shekara, abin da haihuwa kaɗai ba ta iya kawowa. Ta 1973 kuwa Janar Murtala Muhammad, ɗan Kano, shi ya soke ta a 1975. Ta 2006 ta ba Kano 9,401,288, Legas miliyan 9.1, gwamnatin Legas ta ce ba ta yarda ba, nata lissafin ya ba ta sama da miliyan 17. Saboda haka ka ɗauki lambobin nan kamar awon mudun da bakinsa ya lotsa. Ba zai ba ka daidai ba, amma zai nuna maka wane buhu ya fi wani.

A 1963 Lardin Kano, wanda shi ne ya zama tsohuwar Jihar Kano, yana da kusan miliyan 5.8. A watan Agustan 1991 aka cire Jigawa, aka yi ƙidaya a Nuwamba: Kano miliyan 5.81, Jigawa miliyan 2.88. In ka haɗa su, miliyan 8.7 ke nan. A 2006 Kano ta kai miliyan 9.4, Jigawa miliyan 4.36, jimla kusan miliyan 13.8.

Yanzu ka duba da kyau. Daga 1963 zuwa 1991, shekara 28 da suka haɗa da duk zamanin bunƙasar Bompai, Sharaɗa da Challawa, yankin ya ƙaru da kusan miliyan 3. Daga 1991 zuwa 2006, ƙasa da shekara 15, ya ƙaru da miliyan 5. Ko da mun yarda an kumbura ta 1963, ko an rage ta 1991, tazarar ta yi girman da ba za ta ɓace ba. Su kuwa waɗannan shekaru goma sha biyar su ne mafi muni a tarihin masana'antun Kano. Tsarin tsuke bakin aljihu na SAP da gwamnatin Babangida ta shigo da shi a 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara da ɗanyen kaya na waje suka gagari saye. Wutar NEPA ta zama sai an gani, kowane kamfani ya koma ƙona dizal. Atamfar Sin ta cika Kantin Kwari a farashin da masaƙar gida ba ta iya kusanta. Manyan masaƙu irin su Bagauda da Gaskiya duk suka tsaya.

Wani zai ce ai baƙi ne suka ci gaba da shigowa, ko da kamfani ko babu. Gaskiya ne sun shigo. Amma in ƙaura ce babban dalili, ya kamata wuraren da ake barowa su rame. Ba su rame ba. Jigawa ta ƙaru da rabin yawanta a wannan tsakanin. Katsina ta tashi daga miliyan 3.75 zuwa miliyan 5.8. Tsallaka iyaka, jihar Maraɗi a Nijar ta tashi daga miliyan 2.2 a 2001 zuwa miliyan 3.4 a 2012. Mai bayarwa na ƙaruwa, mai karɓa na ƙaruwa. Bayani ɗaya ne ya rage: waɗanda ake haifa sun fi waɗanda ke mutuwa, da tazara mai faɗi.

Ko ka yi wani lissafin. Mu yi wa kamfanonin karamci mu ce a ganiyarsu sun ɗauki mutum dubu ɗari, kowanne da iyali mutum shida. Dubu ɗari shida ke nan. Adadi ne babba ga birni, amma a yankin da ke da mutum miliyan takwas ko tara bai kai kashi ɗaya cikin goma ba.

Gidan kawuna

Bari in sauko da maganar daga miliyoyi zuwa gida ɗaya. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya baro ƙauyenmu a ƙasar Gaya a 1977. Gardi ne, ya sauke, ya zo Kano da buzunsa da allonsa, wani ɗan garinmu ya sama masa aiki a wata masaƙa a Sharaɗa. Ya yi shekara 22 a gaban inji, har yau kunnensa ɗaya ba ya ji sosai. A 1999 aka sallame su, kuɗin sallamar ma sai da aka yi ta kai-komo kafin wani abu ya fito. Da su ya sayi fuloti na awon igiya a bayan Ja'en.

Mahaifiyarsa, wato kakata, ta haifi goma, huɗu suka rayu. Shi kuma matansa biyu sun haifi goma sha huɗu, sha ɗaya na raye. Raba ka gani: kowace matarsa ta haifi bakwai, ƙasa da abin da kakata ta haifa, amma kowacce ta raya fiye da ita. Da sallar bara na zauna na ƙirga: shi, matansa, 'ya'yansa da jikoki 33, mutum 47. Kamfani ya kawo mutum ɗaya Kano, daga baya ya ɗauko mata biyu. Sauran arba'in da huɗun a nan aka haife su, kuma akasarinsu bayan an rufe masaƙar.

Abin da ya faru a gidan nan shi masana yawan jama'a ke kira sauyin haihuwa da mutuwa. Al'umma kan fara da haihuwa mai yawa da mutuwa mai yawa, sai yawanta ya tsaya cik, kamar Kanon Clapperton da Barth. Sai mutuwa ta fara sauka saboda rigakafi, ruwa mai tsabta, magani da hanyar kawo abinci lokacin fari. An kawar da agana daga Najeriya a 1970. Haihuwa kuwa ba ta sauka tare da ita, takan ɗauki tsara ɗaya ko biyu kafin iyaye su sakankance cewa yaransu za su rayu. A wannan tsakanin ne jama'a ke tumbatsa. Binciken lafiya na ƙasa da ake kira NDHS ya nuna cewa a Arewa maso Yamma, cikin yara dubu da aka haifa, 269 ne ke mutuwa kafin shekara biyar a rahoton 2003, ya sauko zuwa 187 a na 2018. Har yanzu adadi ne mai tayar da hankali, kusan yaro ɗaya cikin biyar. Amma a rahoton na 2018 matsakaicin haihuwar mace a Kano 6.5 ne, Jigawa 7.1, Katsina 7.3, Legas 3.4.

Akwai wata dabara mai sauƙi ta sanin shekarun da jama'a za su ninka: raba 70 da saurin ƙaruwarsu a shekara. Tsakanin 1991 da 2006 Kano ta ƙaru da kusan kashi 3.3 cikin ɗari kowace shekara. Saba'in a raba da 3.3 ya ba ka shekara 21. Wato yarinyar da aka haifa yau, kafin ta gama jami'a jiharta ta zama biyu.

Kwatanta da Manchester ta Ingila, garin saƙa da ake yawan misalta Kano da shi. Ya tashi daga ƙasa da dubu ɗari a 1801 zuwa sama da dubu ɗari uku a 1851. Can kam masana'antu ne suka cika gari, domin cututtuka sun yi wa unguwannin ma'aikata katutu har sai da ƙauyuka da Ayalan suka riƙa turo sababbi. Kano ta samu rigakafi da maganin zamani a lokaci guda da kamfanoni, da kamfanonin suka tafi kuma rigakafin bai tafi ba.

Inda kamfanonin suka bar sawunsu

Kada ka ɗauka ina cewa Bompai, Sharaɗa da Challawa ba su yi komai ba. Sun yi, a taswira. Ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni, wato Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Ungogo da Kumbotso, sun haɗa kusan miliyan 2.8 a 2006. In ka kwatanta da 295,000 na 1963, ninki kusan goma ne cikin shekara 43, sama da kashi 5 cikin ɗari a shekara. Haihuwa kaɗai ba ta kai nan. Ragowar daga ƙaura ce, da kuma wani abu na uku da ba a cika ambata ba: gari ya haɗiye ƙauye. Mutanen Ɗorayin da Polly Hill ta zauna da su ba su yi ƙaura zuwa Kano ba, Kano ce ta je ta same su. Jikokin manoman nan 'yan birni ne a yau ba tare da sun matsa ko taku ɗaya ba. Kumbotso kaɗai, inda Challawa take, ta samu kusan 295,000 a 2006, daidai da duk birnin Kano a 1963.

Kuma ba da ka garin ya bazu ba. Ya bi inda aka kai kwalta, turakun wuta da bututun ruwa domin kamfanoni. Ja'en, Sabuwar Gandu, Sheka, Panshekara a kudu, Dakata da Kawaji da hanyar Haɗeja a gabas. Mai gona ya ga fuloti ya fi dawa kuɗi, ya kira mai igiya aka yanka, ba titi ba magudana ba filin makaranta. Wuraren da aka zaɓa domin suna nesa da mutane yanzu suna tsakiyarsu.

Wannan yana da farashi. Majemun Sharaɗa da Challawa na cikin masana'antun da suka rayu, kuma jimar zamani da sinadarin kuromiyam ake yin ta. Ruwan da ke fita daga Sharaɗa na bin rafin Salanta zuwa kogin Challawa. Na Bompai na bin Getsi ya haɗu da Jakara, ya tafi madatsar Wasai. A bakin rafukan nan ake noman latas, kabeji, karas da alayyafo da ake kaiwa kasuwannin gari. Masu bincike a Jami'ar Bayero da wasu jami'o'in sun sha auna ruwan da ƙasar wurin, suna samun ƙarafa masu guba. Lokacin da aka tsara wuraren, 'yan ƙauyuka kaɗan ne ke ƙasan magudanar. Yau dubban gidaje ne, da rijiyoyinsu.

Lissafin da ke hana ni barci

Haihuwa ta fara sauka a Najeriya. Matsakaicin ƙasa ya tashi daga 5.7 a 2008 zuwa 5.3 a 2018, sannan 4.8 a binciken 2023 zuwa 2024. Sai dai ko da kowace mace a Kano ta rage haihuwa gobe da safe, yawan jama'a zai ci gaba da hawa na gomman shekaru. Dalili kuwa, sama da kashi 40 cikin ɗari na mutanen jihar ba su kai shekara 15 ba. Iyayen gobe an riga an haife su, kuma sun fi iyayen yau yawa. Kamar tirela ce da lodi a gangara, ko direba ya taka birki sai ta yi tafiya kafin ta tsaya. Saboda haka gardamar a haifa ko kada a haifa, wadda muke son yi a rediyo, ba ta taɓa matsalar shekara ashirin masu zuwa ba. Waɗanda za su nemi aiki a shekarun suna aji uku na firamare yanzu.

Ga ɗan lissafi na bayan takarda, nawa ne, kuma na zagaye lambobin. Jiha mai mutum miliyan 9.4, in ana haihuwar 40 cikin kowane dubu a shekara, ta haifi yara kusan 375,000 a 2006. A ce huɗu cikin biyar sun rayu. Mutum dubu ɗari uku ke nan suka cika shekara 18 a 2024, kuma na bayansu sun fi su yawa. Babbar masaƙa mai ɗaukar ma'aikata dubu uku, sai an buɗe irinta ɗari kowace shekara kafin a ɗauke su duka. Cire waɗanda za su yi noma, da masu karatu, da matan da ba za su fita aiki ba, ka bar kashi ɗaya cikin huɗu kawai. Masaƙa 25 ke nan a shekara. Ko a zamanin da jiniya ke kaɗawa sau uku a rana Kano ba ta taɓa yin kusa da haka ba. Shi ya sa duk lokacin da na ji ɗan takara na cewa zai farfaɗo da masana'antu ya magance zaman banza, nakan so in tambaye shi ko ya yi wannan rabawar. A farfaɗo da su, wajibi ne. Amma Bompai da Sharaɗa da Challawa an yanka su ne wa garin da bai kai miliyan ɗaya ba.

To ina mutanen suka shiga? Kasuwa ta shanye su: Kwari, Singa, Sabon Gari, Dawanau, Farm Centre. Acaɓa ta ɗauki dubbai har aka hana ɗaukar fasinja da ita a 2013, adaidaita sahu ta gaje ta. Cikin 'ya'yan kawuna sha ɗaya, ɗaya ne kawai ke aikin kamfani, a wata masana'antar roba, shi ma ba takardar ɗauka, in an tashi a biya shi na ranar. Uku na tuƙa adaidaita, biyu na gyaran waya, ɗaya malamar firamare ce. A kan wannan kuma aka ƙara waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe, da waɗanda 'yan bindiga suka koro daga Zamfara da Katsina.

Yawan matasa ba masifa ba ne a karan kansa. Koriya ta Kudu ta yi arziki ne a shekarun da masu aiki suka rinjayi waɗanda ake ciyarwa. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Bangaladash, ƙasar Musulmi mai cunkoso da talauci, inda haihuwar mace ta sauko daga kusan 7 a farkon shekarun 1970 zuwa ƙasa da 2.5, yayin da ɗinkin tufafi ya ɗauki mutum kusan miliyan huɗu, akasarinsu mata. Abubuwa uku suka tafi tare a can: yara suka daina mutuwa, 'yan mata suka daɗe a makaranta, aikin albashi ya samu. Masana'antun Kano maza suka fi ɗauka, kuma sun durƙushe kafin su kai ga taɓa lissafin da iyali ke yi a cikin gida.

Duk abin da na faɗa game da yau, a kan ƙidayar 2006 na gina shi. Hasashen hukuma na 2022 ya ba Kano sama da miliyan 15, amma hasashe ne, an ɗauki tsohuwar lamba an yi ta ninkawa. Ƙa'idar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawara ita ce a ƙirga duk shekara goma. An sa ranar ƙidaya a watan Mayun 2023, aka ɗage ana saura kwanaki. Mai tsara yawan azuzuwan da Kumbotso ke buƙata, da mai lissafin ruwan da matatar Tamburawa za ta tura Sharaɗa, da mai rabon allurar rigakafi a Dakata, duk da wannan ninkin suke aiki. Duk wanda aka haifa bayan watan Maris na 2006 ba a taɓa ƙirga shi ba, kuma a yanayin shekarun mutanen Kano, su ne rabin jihar ko fiye.